Jagoran da Ke Yi wa Bango Magana

Tun kafin furfura ta fito masa yake zagayawa da baƙi a tsohon gidan tarihin, har abokan aiki suka laƙaba masa Mai Lema, saboda baƙar lemar da yake ɗagawa domin ayari ya bi shi. Da hukuma ta kafa doka cewa babu jagoran masu yawon buɗe ido da zai ci gaba da aiki sai ya yi horo ya sami lasisi, hankalinsa bai tashi ba. Ya zauna aji tare da sa'annin 'ya'yansa, ya koyi taimakon gaggawa da ladabin tarbar baƙo, ya ci jarrabawar rubutu. A ta aiki ce ya faɗi.

"Baba, iliminka babu abin cewa," in ji malamar da ta horar da su, tana sassauta murya. "Amma da ka fara bayani sai ka juya wa mutane ƙeya. Bango kake yi wa magana, na baya ba sa jin komai. Dama ɗaya ta rage maka. Idan ba a dace ba, sai dai ka ajiye lemar."

Ya dawo gida ya zayyana abin da ya faru. Matarsa ta saurare shi har ya gama, sannan ta ce, "Malam, ai maganin wannan ciwo yana cikin gidan nan." Ta nuna ɗakin yayarsa, wadda take zaune tare da su tun rasuwar mijinta. Kunnen Yaya ya yi nauyi, da motsin leɓe take kama magana.

Aka mayar da falo gidan tarihi. Kabad ɗin kwanuka ya zama taskar sarakunan dā, keken ɗinki ya zama kayan yaƙi. Yaya ta zauna a kujera da carbinta, a matsayin baƙuwa daga nesa. Mai Lema ya gyara murya ya fara, kafin ya kai ƙarshen jimla idonsa ya koma kan kabad, jikinsa ya bi.

"Auta!" Yaya ta daka tsawa. Har yau haka take kiransa. "Ƙeyarka tana da baki ne? Me ka ce?"

"Cewa na yi, Yaya, wannan taska..."

"To gaya mini. Kabad ya san kansa."

Matarsa ta yi dariya har tana share hawaye da gefen mayafi. Haka suka riƙa yi kullum bayan la'asar. Wata rana ya yi fushi ya ce tsufa ba ya koyon sabuwar tsayuwa. Yaya ta ce ita ta koya masa tafiya yana faɗuwa yana kuka, juyawa ba za ta gagare ta ba.

Ranar jarrabawa ya yi addu'a a bakin ƙofa, matarsa ta bi shi da fatan alheri. Aka haɗa shi da ayarin baƙi, mai jarrabawa ya tsaya can baya, inda murya ke wuyar kaiwa. A ɗakin farko kafaɗarsa ta fara karkata, ya maido ta da sauri. Ɗakin ƙarshe ne abin tsoronsa, domin a nan ƙatuwar ƙofar nan mai sassaƙa take, wadda ko shi kaɗai ya shigo sai ya tsaya ya kalle ta.

Ya tsaya a gefenta, ya ba ta baya, ya nuna ta da lema ba tare da ya waiwaya ba. Sai ya ga abin da bai taɓa gani ba a duk shekarunsa na aiki. Wata dattijuwa ta dafe ƙirji. Wani mutum ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Wata budurwa da tun shigowa take latsa waya ta sauke hannu, bakinta a buɗe. Ya yi shiru yana kallonsu, su kuma suna kallon ƙofar, har sai da wani ya yi tari, sannan ya farga ya ci gaba.

Da baƙi suka nufi fita, mai jarrabawa ya matso. "Shirun nan ya yi tsawo, Baba. Mantuwa ka yi?"

"Ban manta ba, ranka ya daɗe. Fuskokinsu na gani. Ashe haka suke yi in sun gan ta?"

Mai jarrabawa ya yi murmushi. "Kullum haka suke yi. Na ji ka sarai daga baya. Ka zo ofis ranar Litinin a ɗauki hotonka na lasisi."

Mai Lema ya yi hamdala a hankali. Dattijuwar nan ta dawo daga bakin ƙofa tana tambayar wane irin itace ne aka sassaƙa. Ya dube ta ido cikin ido, ya ba ta amsa.