Yadda Kada Ya Shiga Wasana

Wasan waya na ƙirƙira, kuma ba wani abin tashin hankali a cikinsa: tsoho ne da kwalekwale, yana tsallakar da mutane kogi. Marigayi Baba na zana, har da karkatacciyar hularsa da ɗingishinsa. Umma ba ta iya komai a waya ba sai amsa kira, amma ta koyi wannan. Kullum da la'asar sai ta zauna bakin gado tana tuƙa mijinta a hankali.

Sai dai kasuwa ta ƙi. Ban da Umma da 'yan ofishinmu, ba mai sauke shi a wayarsa.

Oga ya ɗauko wani mai talla da muke kira Zaƙin Baki. Ko buɗe wasan bai yi ba. Ya haɗa bidiyo: ga wani ƙaton kada ya taso ya haɗiye kwalekwale, ga wuta, ga ihu.

Na ce, "Oga, babu kada a wasan nan fa."

Ya ce, "Ke dai bari su shigo tukuna."

Suka kuwa shigo kamar fari. Oga har lemo ya saya mana, mutumin da ko ruwa aka ce ya saya sai ya yi tsaki. Daga nan zagi ya biyo baya: ina kadan? Mayaudara!

Oga ya jawo kujera kusa da teburina. "Abin da suka gani shi suka saya. Ki sa musu kada."

"Tallar za a gyara, ba wasan ba."

"Tallar ce ke ciyar da mu, ƙanwata."

Wallahi na gaji, gajiyar da barci ba ya maganinta. Na yi ta gardama har muryata ta dushe, ƙarshe na zana kadan. In hannunka bai yi sauri ba, sai ya kife kwalekwalen ya ja tsohon ƙasa. Ciniki ya ninka.

Na manta wayar Umma da kanta take sabunta wasanni.

Da na koma gida na tarar da ita bakin gado, wayar a kife kan cinyarta.

"Hannuna ba ya sauri, 'yar nan," in ji ta. "Duk na fara, sai abin nan ya ɗauke shi."

"Kawo in koya miki, Umma."

Ta miƙo min wayar ba ta dube ni ba. "A'a, goge shi. Ni na riga na binne shi sau ɗaya."