Ranar da Direbobi Suka Ƙi Nama

Ranar da aka yi wa Baba walimar ajiye aiki, tun da hantsi Yaya Babba ta san naman ba zai isa ba, kuma ta san laifin wane ne.

Abokan aikinsa na garejin motocin bas ne suka yi karo-karo, suka ce a gasa musu nama a filin garejin, su ci su yi ban kwana da mutumin da ya tsufa a kan sitiyari tare da su. Abin da suka tara bai taka kara ya karya ba, aljihun direba da bakanike ne a tsakiyar wata. Baba da kansa ya roƙa a ba babbar 'yarsa aikin, tunda ta fara sana'ar girkin taro. Ta karɓa hannu bibbiyu, ta yi cefane daidai bakin mutanen gareji da 'yan gida. Da a nan ta tsaya, da an tashi lafiya.

Sai kwaɗayi ya shigo, shi kuwa mabuɗin wahala ne. Akwai wata mata a unguwarsu, shugabar ƙungiyar mata 'yan kasuwa, wadda ba a raba ta da baƙin tabarau, har aka sa mata suna Mai Gilashi. Duk wadda ta yaba wa girki, kakarta ta yanke saƙa. Yaya Babba ta gayyace ta a ɓoye ta zo ta ɗanɗana, ko Baba ba ta gaya wa ba. Mai Gilashi kuwa ta zo ɗanɗanon, amma da motoci cike da ƙawaye, kowacce da yunwarta.

Auta, ƙanin Yaya Babba, ƙaton gardi da gemunsa, yana tsaye a gaban rabin gangar da suka cika da gawayi. Ya bi matan da kallo suna tsallake baƙin mai da dogayen takalma.

"Yaya, waɗannan kuma direbobin wace hanya ce?"

"Rufe min baki ka juya kaza."

Duk dabarar da mai ƙaramin ƙarfi ke yi ta riga ta yi ta. Cinyoyin kaji ta saya da yawa saboda sun fi sauƙi, naman san kuma ta kwantar da wuƙa ta yanka shi fale-fale, har kana iya hango rana ta cikinsa. Ta kawo ƙananan faranti don abu kaɗan ya cika ido. Ta jera burodi da gasasshen dankali da albasa a farkon tebur, nama can ƙarshe, inda ita kaɗai ke riƙe da cokali. Lokaci-lokaci Auta yana jefa kitse a wuta, ƙamshi ya game filin har cikin ramin da ake duba ƙarƙashin mota. Amma ƙamshi ba ya cika ciki. Ta dubi tiren naman, ta dubi jama'a. Yau za a ce an zo walimar Baba an tashi da yunwa, kuma 'yarsa ce ta yi girkin.

Tana cikin wannan sai ga Baba da sabuwar rigarsa, wadda har yanzu karin guga bai bar ta ba. Sunan mahaifiyarsa ta ci, don haka bai taɓa kiran sunanta ba.

"Uwata, lafiya dai ko?"

"Lafiya lau, Baba. Komai zai wadata."

Ya dubi tiren naman. Ya dubi matan da suka kame kujerun gaba, kujerun da aka jera don tsofaffin gareji.

"Baƙinki ne?"

"Eh, Baba. Abokan arziki ne."

"To, baƙonki ai baƙona ne. Fara da su."

Ya juya ya tafi. Ta hango shi yana bin abokansa ɗaya bayan ɗaya, yana dafa kafaɗa yana magana ƙasa-ƙasa, ta ɗauka gaisawa suke yi. Ita kuwa, kunya ko ba kunya, ta zaɓo manyan cinyoyi da tsokar da ta fi laushi ta aika wa Mai Gilashi da tawagarta. Kafin layin gareji ya motsa, tire ya yi rabi.

Na farko a layin shi ne Kawu Dogo, shugaban kanikawa, mutumin da kowa ya san in ya zauna gaban nama sai dai a ɗauke kwano. Ta ɗaga cokali za ta zuba masa.

"Zuba min dankali kawai, 'yata. Likita ya hana ni nama."

Wallahi sai da ta yi hamdala a zuciyarta. Ciwon bawan Allah ya zama mata abin murna, dubi inda son zuciya ke kai mutum. Na bayansa ya ce hawan jini. Na bayan wannan ya kama kunci ya ce haƙori. Wani ya rantse ya cika cikinsa a gida. Sai aka zo kan tsohon mai yankan tikiti, wanda Allah bai hore wa iya ƙarya ba. Ya ƙura wa kazar ido, ya haɗiyi yawu, ya ce, "Ni ma dai... abin nan da ke damun Dogo."

Nan take ta gane. Ta waiwaya ta ga Baba ya juya baya, wai yana duba tayar wata bas.

"Yaya, ashe asibiti muka zo ciyarwa," in ji Auta, amma ko murmushi bai yi ba.

Waɗannan fa su ne masu naman. Su suka tatsi aljihunsu aka saya, wasu tun jiya suke zolayar juna a kan wanda zai fi ci. Ta ɗebi tsoka ta bi Kawu Dogo har inda ya zauna a kan tsohuwar taya.

"Kawu, don Allah ko yanka ɗaya."

"Ke 'yar nan, so kike ki kashe ni ranar farin cikin ubanki? Kai wa baƙi."

Ta dawo da farantin kamar ta nutse a ƙasa. Aka ci, aka yi jawabai, aka ba Baba agogon bango, tsofaffi suna ta yaba dankali kamar ba su taɓa ganinsa ba. Da aka gama, ga nama nan jibge a tire, ya yi saura.

Mai Gilashi ta taso tana goge yatsu.

"Kin iya, 'yar nan. Ga shi har ya yi saura. Ni abin da nake so ke nan, mai aikin da ba ta ƙwauro. Naɗe min wannan in kai wa maigida ya ɗanɗana. In ya yaba, taronmu na gaba naki ne."

Yaya Babba ta buɗe baki za ta ce naman nan yana da masu shi. Kafin maganar ta fito, Baba ya iso da takardar naɗi a hannunsa, ya shimfiɗa mata a kan tebur.

"Naɗe mata, Uwata. Mu nan duk mun ƙoshi."

A bayansa Kawu Dogo yana suɗe farantinsa da guntun burodi. Ta naɗe, idonta ya cika taf, ta ce hayaƙi ne. Baba ya karɓi ƙunshin da hannu biyu, ya bi Mai Gilashi da shi har bakin mota, yana yi mata godiyar zuwa.