Goshin Jirgin Simai

A Kizimkazi, wani ƙauye na bakin teku, wanda ya tsaya a goshin jirgin ruwa ba ya magana. Hannu yake miƙawa, mai riƙe da inji ya bi, ba musu. A nan Simai ya tsufa, kuma bai yi niyyar sauka ba, ko da yake yanar ido ta soma rufe masa gani.

Ranar tun hantsi suke yawo da Turawa. Kifayen da ake kira pombo sun yi ta tsalle a gefen jirgi, amma baƙin nan nyangumi suka zo gani, ƙaton kifin nan mai doro. Rana ta take. Wata mata ta yi amai ta kwanta. Gwiwoyin Simai sai zogi suke yi.

Can ya hango wani fari ya tashi sama. Ya ce a ransa feshin numfashin kifin ne. Ya miƙa hannu.

Ɗansa Vuai, mai riƙe da inji, ya ɗan yi jim, sannan ya juya jirgin. Sai da suka matso Simai ya gane ƙarar. Igiyar ruwa ce ke dukan duwatsu. Vuai ya kauce a hankali, ya ce wa baƙi nan ma akan gan su jefi-jefi.

Jirgin Jecha, abokin wasan Simai tun ƙuruciya, ya gifta. Jecha ya ɗaga murya yana tambaya ko dutsen ya yi musu tsalle. Ya ce su jira, wataƙila bana ya zo da jariri. 

Simai ya lallaɓa baya, ya tsuguna kusa da ɗansa.

"Ka san dutse ne?"

"Na sani, Baba."

"Amma ka bi."

"Hannunka ne."

"Yau ka fara?"

Vuai ya dubi ruwa. Ya ce tun bara yake bi, yana gyarawa a hanya don kada a gane.

Dariyar Jecha ba ta ci wa Simai rai kamar wannan ba.  Sannan ya ɗora hannu a kan injin.

"Tashi ka je gaba."

"Baba, mutane za su gani."

"Su gani. Ni ba a goyona."

Vuai ya je ya tsaya a goshin jirgin. Bayan la'asar nyangumi ya ɓullo, baƙi suka miƙe da sowa suna ɗaukar hoto. Simai bai ɗaga kai ba. Hayaƙin inji na shiga masa hanci, ga gida da sauran nisa.