Kwaɗin Don Evaristo

Ranar Asabar muka sabunta manhajar imel ta ƙungiyar manoman kofi da nake wa aiki a Manizales. Ranar Litinin, ko jakata ban ajiye ba wayar ofis ta fara ƙara. Kowa kukansa ɗaya: ya danna saƙo, ya je ya haɗo kofi ya dawo, saƙon bai buɗe ba.

Mu biyu ne ke kula da na'urorin, ni da Wilmer. Na same shi a gaban allo, wainar masarar da muke kira arepa a hannu, yana girgiza kai.

"Maritza, na faɗa miki tun farko, matse saƙonnin nan zai jawo mana tsiya. Ga shi nan."

Tun shekarun baya muka matse saƙonnin kowa don wuri ya ishe mu. Idan mutum ya buɗe saƙo, saba, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da imel ɗin kowa, ta warware shi ta miƙa masa, ba wanda ya taɓa lura.

"Yaushe ka faɗa? Kai ne ma ka matse su."

"To na faɗa a zuciyata. Mu warware su duka mu huta."

"Mu zuba su ina? A aljihunka?"

Ya ci gaba da tauna.

Ni abin da ya ɗaure min kai daban ne. Nauyin ba ko da yaushe yake ba. Da safe saba ta yi kamar za ta mutu, can da hantsi ta warke sarai, da azahar ta sake kwantawa, sai kuma wajen la'asar. Idan matsewar ce matsalar, me ya sa take zuwa tana tafiya? Talata ma haka aka yi, kusan a lokutan jiya. Shugabar ofis, Doña Amparo, ta leƙo ta ce a mayar da tsohuwar manhaja. Na roƙe ta ta ba ni zuwa Laraba. Gaskiya ba don jin daɗin mutane na roƙa ba, so nake in san dalili.

Na zauna na zuba wa saba ido ina jiran ciwon ya tashi. Da ya tashi sai na ga akwati ɗaya tak take ta fama da shi. Ta warware saƙo, ta ajiye, ta ɗauki na gaba, kuma manya ne ƙwarai. Can sai aikin ya yanke. Da nauyin ya dawo da azahar, sai na ga ta koma kan saƙon farko ta faro daga tushe.

"Akwatin wa?" in ji Wilmer.

"Evaristo Londoño."

"Tsohon nan mai takalmin roba? Yo shi wa ke rubuta masa? Ko gaisuwata ba ya amsawa."

Na duba da kyau na gano rabin zancen. Sabuwar manhajar ba ta yarda da tsohuwar fihirisa ba, wato jerin saƙonnin da girmansu, sai ta auna girman kowane saƙo da kanta. Sababbin saƙonni girmansu na rubuce a jikin sunansu. Tsofaffi kuwa babu, dole ta warware kowanne kafin ta san nauyinsa. Na sauran mutane ta gama tun ranar Lahadi. Na Don Evaristo ne ba ta taɓa kaiwa ƙarshe ba. Amma me ke tayar da ita, me kuma ke katse ta?

Na nufi ofishinsa, na tarar a rufe yake. Mai gadi ya nuna min hanyar kwazazzabon da ke bayan gonar gwaji. Na gangara ina riƙe rassan kofi kada in zame. Ban kai rabi ba na lura sabis ɗin wayata ya ɗauke. Na tsaya cak. Na hau sama kaɗan, ya dawo. Na sauka, ya tafi. Ni kaɗai a daji na fashe da dariya.

Na same shi tsugune a bakin rafi, ya miƙa wayarsa wajen wani ganye. Ya ɗaga min hannu in yi shiru. Sai da ya gama ya juyo.

"'Yata, kin ɓata hanya ne?"

"Kai nake nema, Don Evaristo. Yaushe kake hawa sama?"

"Da safe ina ofis kafin in sauko. In hau in ci abincin rana. In sake hawa idan zan tafi gida. Lafiya?"

"Duk lokacin da wayarka ta sami sabis, imel ɗin ofis gaba ɗaya tsayawa yake. Da ka gangaro nan sabis ya ɗauke, aikin ya yanke, in ka hau a sake farowa."

Ya kalli wayar, ya kalle ni. "Wannan 'yar abar?"

"Me kake ajiyewa a akwatinka haka?"

"Kwaɗi."

Na ɗauka ban ji daidai ba. Ashe aikinsa ke nan: yana ɗaukar kukan kwaɗin gonaki, domin ta kukansu yake gane ko maganin feshi ya ɓata ruwa. Duk abin da ya ɗauka sai ya aika wa kansa ta imel. Tun ina makarantar firamare yake haka.

"Kwamfuta ta taɓa cinye min aikin damina guda," ya ce. "Imel kuwa bai taɓa ci min amana ba."

Na roƙe shi ya kashe wayar na yini ɗaya. Ya yi ta gardama, sai da na yi alkawarin ba zan goge ko kwaɗo ɗaya ba. Muka hau tare, yana gaba ina haki a baya.

A ofis na rufe akwatinsa, na sa saba ta bi saƙonnin a hankali ba mai katse ta, tana rubuta girman kowanne a sunansa. Don Evaristo ya jawo kujera ya zauna gadi. Wilmer ya kawo masa kofi.

"Ranka ya daɗe, ashe kwaɗinka ne suka hana mu sakat."

"Kai ne Wilmer? Na ɗauka kai ne mai gyaran fanka."

Don a rage zaman jira na ce ya kunna mana ɗaya. Ya zaɓo wani tsoho. Wani siririn sauti ya fito, kamar ana ƙwanƙwasa kofin gilashi da cokali. Ya kunna na bara, daga wurin nan dai. Ruwa na gudu, wasu kwaɗin na ta hayaniya, amma babu mai ƙwanƙwasar.

"Ina ya tafi?" na tambaya.

"Abin da nake son sani ke nan. Kwaɗon nan cikinsa garau yake, kina ganin zuciyarsa na bugawa. Wata shekara ya yi shiru, amma ban iya tantance wacce ba, don akwatin ya yi min yawa, ba na iya bincike."

"Idan aikin nan ya gama za ka iya."

Washegari da safe aikin ya gama. Don Evaristo ya kunna wayarsa a gabanmu, saba ko gezau. Doña Amparo ta ce madalla ta koma ofishinta. Mu kuwa muka shiga bin saƙonnin shekara-shekara, har Wilmer da ya ce ba ruwansa ya ɗauki wasu. Zuwa yamma mun gano shekarar. Tsohon ya daɗe yana kallon kwanan watan, sannan ya ce a shekarar ba a canja maganin feshi ba ko kaɗan, sai dai an sare bishiyoyin inuwa a saman rafin.

"To su ne dalili?" in ji Wilmer.

"Ban sani ba. Akwai wani rafi can gaba da ba a sare masa bishiya ba. Ranar Asabar zan je in saurara." Ya dubi takalmina, wanda har yanzu taɓon jiya bai fita ba. "In za ki zo, 'yata, ki nemi na roba."

Na tambaye shi inda ake sayarwa.