Maɓallin Kakan Atanasio

"Buɗe hannunka in taɓa," in ji Don Atanasio daga kan gado.

Críspulo ya miƙa masa tafinsa. Maɓallin na nan, kore shar da tsatsa yadda ya fito daga ƙasa, in ban da ɗan wurin da tsinken sakace ya share.

"Haɗiye shi zan yi, compadre?"

"Shekara talatin muna yawo da injin neman ƙarfe ni da kai. Na san halin aljihunka."

Haka tsohon nan yake tun yana da lafiya, bai yarda da kowa ba, balle yanzu da likita ya sallamo shi gida ya ce a ba shi abin da ransa ke so. Abin da ran nasa ke so kuwa guda ne: ya san lambar da ke jikin maɓallin nan. Wannan maɓallin soja a bayan garin Paso de Patria suka tono shi, daidai fadamar da danginsa suka gaji labarin cewa nan kakan babansa ya faɗi a babban yaƙi, yana bataliya ta ashirin da bakwai. Lambar farko ta riga ta fito, biyu ce. Ɗayar tana ƙarƙashin tsatsa, ga shi idon Atanasio ya tafi, hannu sai rawa. Shi ya sa kullum da hantsi Críspulo, maƙwabcinsa, ke tsallako shinge da tsinkensa da ɗan buroshi mai laushi. Tagullar da ta shekara ɗari da hamsin a ƙasa ruɓaɓɓiya ce, tsatsar nan ita ke riƙe da rubutun. Ba a gaggawa, ba a sa ruwa, sai an gama a shafa kakin zuma.

"In ka ga ba bakwai ba ce, kar ka yi min ƙarya don ina mutuwa."

"Yaushe na taɓa yi maka ƙarya?"

"Daga wace shekara zan fara?"

Griselda, 'yar Atanasio da ta zo jinya daga birnin Asunción, tana tsaye bakin ƙofa da butar tereré, shayinsu mai sanyi, idonta a kan yatsun Críspulo. Shi ya riƙe ta ranar baftisma, shi ya sa take ce masa padrino, shi da babanta kuma suke kiran juna compadre, amma tun da ta iso gaisuwarta ta yi sanyi. Ya san dalili sarai. Matan unguwa sun cika mata kunne cewa tsofaffin nan biyu zinariyar yaƙi suke tonowa, kuma mai ƙafa a cikinsu shi zai kwashe.

Da ya fito cin abincin rana ta tare shi a baranda.

"Padrino, sati biyu kana sakace abu ɗaya. Ni fa na ga gefensa yana ƙyalli."

"Ragowar ruwan gwal ne da ake shafa wa na hafsoshi. Bai kai kaurin bawon albasa ba."

"To me ya hana a wanke kowa ya gani?"

"Kar ki taɓa shi, 'yata."

Ta dube shi, irin kallon da ake wa mai nama idan ya juya wa sikeli baya. Abin ya sosa masa rai ƙwarai, har rogon da matarsa ta dafa ya kasa ci.

Da yamma ya dawo ya sami Griselda zaune a kan matakala, ƙaramin faranti a cinyarta. Lemun tsami da gishiri ta sa, yadda uwarta ke wanke tukunyar tagulla. Maɓallin ya yi ja, sumul, da 'yan ramuka. Babu bakwai, babu ko biyun.

"Minti kaɗan na jiƙa shi," ta ce. "Da na goga sai komai ya bi tsumman."

Críspulo ya ji kamar ya zazzage mata duk abin da ke cikinsa. Kafin ya buɗe baki tsohon ya yi kira daga ɗaki.

Ya shiga. Atanasio ya karɓi maɓallin, ya bi shi da babban yatsa sau ɗaya, ya kai hanci ya sunsuna.

"Wa ya yi?"

"Ni ne."

"Kai? Kai da ka koya min ba a sa ruwa?"

"Na ga kwana na ƙurewa, na ce bari in yi sauri."

Tsohon ya daɗe da fuskarsa wajen ƙofa, inda numfashin Griselda ke fita da ƙarfi. Ko ya yarda, ko bai yarda ba, oho. Ya dai juya ya fuskanci bango.

"Fita min daga ɗaki."

Kwana biyu Críspulo na zuwa yana zama a baranda, ba a kira shi ba. Yana jiyo tsohon yana karɓar romo a hannun 'yarsa, yana ce mata ta gyara masa matashi, har yana tambayarta yara. Sau biyu ta fito da jajayen idanu ta ce za ta faɗa wa babanta gaskiya.

"In kin faɗa, da wa zai yi sallama?" ya ce mata. "Koma ciki."

Amma fa abin ya ci shi. Abokin shekara talatin, bango ɗaya tsakani, ko "compadre" bai sake ji ba.

Ranar Alhamis da hantsi Atanasio ya cika, bayan Fada, limamin coci, ya zo ya tafi. Mata suka cika tsakar gida suna kunna kyandir. Griselda ta fito baranda da farar rigar da za a binne shi da ita, da allura, ta zauna kusa da Críspulo. Ta ɗora maɓallin daga ciki, saitin ƙirji, inda ba mai gani. Sau uku allurar na kuskure kunnen maɓallin. Críspulo ya sa hannu biyu ya ja mata yadin ya miƙe, ya riƙe har ta ƙulla zaren ta cije shi.