Mai Bel da Mai Farfela

Ina tsince wake a ƙofar gida sai ga wata 'yar motar wasa ta zo ta bugi ƙwaryata. Na ɗaga kai, maƙwabcina Malam Gwadabe ne zaune bisa tabarma, rimot biyu a cinyarsa, yana ba ni haƙuri.

"Hajiya Fatimatu, mutum guda bai tuƙa mota biyu. Ko kin riƙe mani ɗaya?"

Na ce da tsufana? Amma dai na karɓa.

Gwadabe tsohon makaniken manyan motoci ne. Matarsa ta rasu, 'ya'ya suna Legas, su suka aiko masa da motar tseren. Amininsa Manu, direba daga Maraɗi, ya gani shi ma ya samo tasa. Duk ranar kasuwar Jibiya sai su share fili su yi tsere, su yi ta gardama. Ta Gwadabe mai farfela ce, dogon ƙarfe ke juya tayoyinta. Ta Manu kuwa bel ke jan ta. Manu ya ce mai farfela ga ƙara, ga karkacewa gefe da an matsa mata. Gwadabe ya ce bel na 'yan kwalta ne, tsakuwa guda ta shiga ya tsinke. Ni dai ina jin su ta katanga har na haddace.

Da aka rufe iyaka Manu ya daina zuwa, motarsa tana nan wajen Gwadabe. Sannan ciwo ya kama Gwadabe, ƙafafu suka kumbura. Ba abin da yake so sai Manu ya zo su yi ko da zagaye guda. A waya kullum Manu cewa yake Lahadi mai zuwa, in Allah ya so.

In na kai masa kunu sai in iske shi da gashin kaza yana kakkaɓe yashi daga bel ɗin motar Manu, tasa kuwa tana gefe. Na ce ba ita kake kushewa ba?

"Har gobe ina kushe ta. Amma in ya zo ya iske ta da yashi, cewa zai yi maguɗi na yi mashi."

Wata rana da hantsi Gwadabe ya cika, kafin azahar an kai shi. Manu ya biyo hanyar daji a babur, ya iso an riga an dawo daga maƙabarta.

Sai bayan an tashi daga zaman makoki ya tambayi motarsa. Ya kifa ta, ya bi bel ɗin da yatsa, tas. Ya miƙo mani rimot ɗin motar Gwadabe.

"Hajiya, riƙe tashi."

Muka sake su. Ta Manu ta miƙe shiru, ta Gwadabe ta yi ƙararta ta karkace gefe kamar kullum. Zagaye guda muka yi ya ce ya isa.

Da ya tafi ban share wajen ba. Sawun tayoyin yana nan a yashi, ɗaya a miƙe, ɗaya ya lanƙwasa wajen inda tabarmar take.