Kulocin Jar Mota

…kuma wai motar nan ruwan toka ce ta fi dacewa da shi. Wai! Auta ne ke faɗa, ƙanin da shi ya koya wa riƙe sitiyari, ga shi tsaye a bakin ƙofar motar, hannu a aljihu, sai ka ce shi ya kafa kamfaninsu. "Yaya, waccan ba ta da kuloci, da yatsa ake sauya giya." Da yatsa. To uban wa ya tambaye shi?

Shi jar yake so, a cikinta ma yake zaune. Kujera can ƙasa kamar kan tabarma — ƙamshin fata, giyar hannu, feda uku. An daina ƙera irinta, in ta bar shagon dillalin nan ta tafi ke nan. Ruwan tokar fa? Ta fi gudu, e, ya ji, dillali ya ishe shi da zancen. Sabuwa dal. Injinta kamar na firji, ba kuka ba zuciya… motar masu tsoron ƙafarsu.

Ƙafa. Ta hagu.

Likita da 'yar gudumarsa ta roba, ƙwan-ƙwan a gwiwa — "Ka ji?" Bai ji ba. Ya ce ya ji. Ko matarsa ce mata ya yi tsohon targaɗe ne ya tashi. In Auta ya tabbatar, an gama: zai miƙe a ɗakin taro da muryar nan tasa ta tausayi, Yaya ya gaji, a bar Yaya ya huta… su ɗauke shi daga kujerar kamfanin da ya gina tun yana kwanciya a ƙarƙashin motocin mutane.

Munafuki. Shi ya sa ya biyo shi. Shi ya sa idonsa ba ya kan mota, yana kan takalmi.

To ya kalla da kyau. Taka kuloci ne kawai. Taka… Ƙafar na kan feda, yana ganin ta, takalmi baƙi mai sheƙi — ta wani ce? Taka mana, 'yar banza! Gumi na bin wuyansa. Fedar ko gezau.

Dillali ya sunkuyo yana washe baki. "Ba sai ka wahala ba, ranka ya daɗe. Irin waɗannan ba a hawan su. Rufe su ake yi, a riƙa goge ƙura, jifa-jifa a tayar da injin kada ya mutu."

A rufe. A goge ƙura. Da wa yake? Baki suka haɗa? Ji yake kamar ya shaƙe su duka biyun.

Ya fita kawai, ya bar musu tsiyarsu. Amma kujerar a ƙasa take, kuma ƙafar hagu ce ke fara fita…

Auta ya zaro hannu daga aljihu ya miƙo. Ba murmushi a fuskarsa — da ma murmushin yake, da ya fi sauƙin tsana. Tun yaushe yaron nan ya sani? Hannun na nan a miƙe, shi kuwa ba shi da wata hanyar fita daga motar.